Darasi na Tara: Yadda Raunin Ido Ke Sauya Salo a Lokacin Annoba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin ire-iren raunin ido guda huɗu;
2. bayyana abin da ake nufi da salon rauni;
3. kawo hanyoyi huɗu da annoba ke sauya wannan salo;
4. ba da taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni a ido;
5. gane alamomin da ke nuna cewa dole a tafi asibiti a ranar.

1. Mene ne raunin ido?

Raunin ido shi ne duk wata illa da wani abu daga waje ya yi wa ido. Ya bambanta da ciwon da ke tasowa daga cikin jiki, kamar yanar ido ko hawan jinin ido. Ana iya kasa shi kashi huɗu.

Na farko shi ne bugu: dutse, naushi, bulala, ko guntun itace da ya yi tsalle wajen faskare. Sau da yawa idon ba ya fashewa, amma jini na iya taruwa a cikinsa.

Na biyu shi ne huda ko yanka: ƙaya, tsinke, waya, ƙusa, tsinin kara. Wannan ya fi kowanne haɗari, domin ƙwayar idon ce ke buɗewa.

Na uku shi ne ƙuna: ruwan batir, siminti, sodar haɗa sabulu, tafasasshen mai, ko hasken walda.

Na huɗu shi ne abin da ya faɗa ido ya maƙale: ƙaiƙayi, yashi, ɓurɓushin ƙarfe, ƙwaro.

> Akwatin kalmomi 1
> Annoba: cutar da ta kama mutane da yawa a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, fiye da yadda aka saba.
> Koniya: fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido, kamar gilashin da ke kan fuskar agogo. Ta cikinta haske ke shiga.
> Hakiya: farin tabo da ke zama a kan koniya bayan gyambo ko rauni ya warke. Idan ta tsaya a tsakiya, tana tare gani.

2. Mene ne salon rauni?

Idan ma'aikacin lafiya ya duba rajistar waɗanda suka zo da raunin ido cikin shekara guda, yakan yi tambayoyi huɗu. Wa ya ji raunin? A ina ya ji shi? Da me? Bayan kwana nawa ya zo asibiti? Amsoshin waɗannan tambayoyi idan aka haɗa su, su ne salon rauni.

A ƙasarmu ta Zurmi, Shinkafi da Kauran Namoda, salon yana bin sana'a da lokaci. Da damina ganyen gero da na dawa kan karci idon mai noma. Da kaka, tsinin kara da ƙaiƙayin sussuka da shiƙa ne ke gaba. Da rani sai faskare, gini da ƙura. A cikin gari akwai masu walda da ba su sa tabarau, da makanikai masu taɓa ruwan batir, da 'yan kabu-kabu. Ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci, hanya kan cika da babura da motoci, haɗari kuma ya ƙaru. A mafi yawan ƙasashe, maza matasa da yara maza ne suka fi jin rauni a ido, saboda su ne suka fi yin ayyuka da wasanni masu haɗari.

Annoba kan rusa wannan tsari. Tana canja inda mutane ke wuni, da abin da suke riƙewa a hannu, da abin da suke zubawa a ido, da lokacin da suke zuwa asibiti. Za mu ɗauki waɗannan guda huɗu ɗaya bayan ɗaya.

> Akwatin kalmomi 2
> Salon rauni: yadda rauni ya fi aukuwa a cikin jama'a, wato su wa yake samu, a ina, da me, kuma yaushe suke neman magani.
> Dokar kulle: umarnin hukuma na a zauna a gida ko a taƙaita zirga-zirga don kada cuta ta yaɗu.

3. Sauyi na farko: haɗari kan koma gida

An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A watan Maris aka rufe makarantu. Ranar 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Legas, Ogun da Abuja, Kano kuma ta bi baya a watan Afrilu. Daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai ranar 1 ga Yuli.

Asibitocin ido a ƙasashe da dama, irin su Indiya, Ingila da Amurka, sun ga abu iri ɗaya a wannan lokaci. Raunin da ake ji a masana'anta, a filin wasa da kan titi ya ragu. Kason raunin da ake ji a cikin gida kuma ya ƙaru: wajen gyare-gyare, wajen girki, wajen wasan yara, da wajen faɗa tsakanin iyali. Dalilin a fili yake. Inda mutane suka taru suka wuni, can haɗarin ke binsu.

A karkara akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci. Ana iya rufe masana'anta, amma ba a rufe gona. Hanin zirga-zirgar 2020 ya zo daidai da faɗuwar damina, noma kuwa bai tsaya ba. Yaron da a da yake aji da hantsi, yanzu yana gona, ko wajen itace, ko yana bin tsuntsaye da danƙon harbi. Saboda haka idan annoba ta rufe makarantu a wurinmu, yara ne ya kamata a fi sa wa ido.

Zaman gida cikin ƙuncin abinci da rashin kuɗi kuma yana kawo saurin fushi. A watan Yunin 2020 gwamnonin Nijeriya sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata da yara. Mari ko bulala da ta sauka a fuska na iya tsiyayar da ido har abada. Babu laifin yaro ko na mace da ya kai a biya shi da ido.

Misali na 1. An rufe makaranta saboda annoba. Yara uku suna tsakar gida, babban yana faskare, ƙananan biyu suna tsugunne a gabansa suna kallo. Mu yi tambayoyinmu. Wa ke cikin haɗari? Ƙananan sun fi mai gatarin, domin idanunsu suna daidai inda guntun itace ke tashi. A ina? A gida. Da me? Da itace. Mafita: a kori yara daga wurin faskare, a ɗaga almakashi, allura da wuƙa sama, a hana harba danƙo a inda mutane suke.

4. Sauyi na biyu: sinadarai kan yawaita

Kowace annoba tana zuwa da kayan tsafta. Korona ta kawo sanitaiza, wadda ke ɗauke da alkohol kashi 60 cikin 100 ko fiye. Amai da gudawa kan kawo kulorin da bilic don tsarkake ruwa, bayan gida da kayan majinyaci. Buƙatar sabulu kan ƙaru, masu haɗa shi a gida kuma suna aiki da soda. Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani, suna ceton rai, amma kowannensu yana ƙona ido.

Ba duk sinadarai ne ƙarfinsu ɗaya ba. Soda, siminti da ruwan toka mai kauri sun fi muni, domin suna narkar da naman ido suna ƙara nutsewa ciki muddin ba a wanke su ba. Mutum na iya cewa zafin ya lafa alhali ɓarnar tana ci gaba.

Misali na 2. A ƙasar Faransa, cibiyoyin da ke karɓar rahoton guba sun ƙirga yaran da sanitaiza ta shiga idonsu tsakanin Afrilu da Agusta. A 2019 yara 33 ne. A 2020 suka kai 232. Ninki nawa ke nan? Mu raba 232 da 33. Tunda 33 sau 7 ya ba da 231, amsar ita ce kusan ninki bakwai. Me ya jawo? An kafa robobin sanitaiza a ƙofofin shaguna da wuraren taruwa a tsayin ƙugun babba, wanda shi ne daidai tsayin idon yaro. Ya danna, ta feso masa a fuska. Darasin a gare mu: a masallaci, makaranta ko asibiti, babba ne zai matsa wa yaro a hannu. A gida kuma kada a zuba bilic ko soda a robar ruwan sha ko ta lemo, kada a bar su a ƙasa.

> Akwatin kalmomi 3
> Sinadari mai ƙuna: ruwa ko gari da ke cin fata ko ido idan ya taɓa su, kamar soda, bilic, siminti da ruwan batir.
> Taimakon gaggawa: abin da ake yi wa mai rauni nan take kafin a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

5. Sauyi na uku: raunin da magani ke jawowa

Akwai annobar da ido take kamawa kai tsaye. A nan yawancin ɓarnar ba daga cutar take zuwa ba, daga abin da aka zuba a idon ne.

Afolo ita ce misali na kusa. An fara ganin annobarta a Ghana a 1969, tun daga nan take zagayowa lokaci-lokaci. Ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta. Ido ya yi ja, ya kumbura, ya yi ta hawaye da kwantsa. Tana yaɗuwa ta hannu, da tawul, da tsinken kwalli da ake karɓa-karɓa. Mafi yawan lokuta takan warke da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma idan ta shigo unguwa, kowa sai ya zama likita: wannan ya ce ruwan sukari, wancan ya ce nonon uwa, wani ya ce ruwan ganye, ko albasa, ko fitsari, har da mai cewa ruwan batir. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke huda koniya cikin 'yan kwanaki. Ruwan batir kuwa ƙuna ce tsantsa. Ciwon da zai wuce cikin mako biyu sai ya bar hakiya ta har abada.

Ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro, ta fi Afolo haɗari ga idon yara. Tana ƙarar da sinadarin bitamin A da ke jikin yaro, musamman wanda tamowa ta riga ta kama. Idan bitamin A ya yi ƙaranci, koniya kan bushe, ta yi gyambo, wani lokaci ta narke. Yaron yakan rufe ido ya ƙi buɗewa saboda haske na damunsa, iyaye kuma su ɗauka haka cutar take. Idan aka ƙara zuba masa ruwan ganye ko kwalli a kan wannan gyambo, an haɗa masa ciwo biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk yaron da ya kamu da ƙyanda bitamin A sau biyu, yau da gobe. A Nijeriya ana yin allurar rigakafin ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15, kyauta. Zogale, alayyahu, kabewa, manja, mangwaro, gwanda, hanta da ƙwai duk suna ƙara wa jiki wannan sinadari.

Maganin kemis ma yana da nasa haɗari. Wasu magungunan ɗigawa suna ɗauke da sitiroyid. Suna kawar da ja da wuri, shi ya sa ake son su, amma idan akwai karce ko gyambo a koniya sai su ƙara rura shi. Wannan ya fi tsanani idan ganye ko kara ne ya yi karcen. Kada a ɗiga maganin da aka rubuta wa wani.

Misali na 3. Wata uwa ta kai ɗanta mai shekara biyu asibitin sha-ka-tafi, ƙuraje sun feso masa, idonsa a rufe.

Ma'aikaciyar lafiya ta ce, "Inna, kwana nawa rabonsa da buɗe ido?"

"Yau uku ke nan, Malama. Kakarsa ta ce a bari ƙurajen su gama fitowa."

"An zuba masa wani abu?"

"Ruwan ganye kawai, safe da yamma."

"To, a daina daga yau. Zan ba shi bitamin A yanzu, gobe ki dawo a ƙara masa. Na ga wani fari-fari a baƙin idon dama, don haka zan rubuta miki takarda ki kai shi babban asibiti yau ɗin nan."

Abubuwa uku suka taru a kan yaron nan: cutar, ruwan ganyen, da jiran kwana uku. Biyu daga ciki suna hannun iyali.

6. Sauyi na huɗu: jinkiri

A watan Disambar 2016 annobar sanƙarau ta ɓulla a jihar Zamfara, kuma ƙaramar hukumar Zurmi na cikin wuraren da ta fara bayyana. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017, an ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, fiye da 1,100 kuma sun rasu. A irin wannan hali gadaje kan cika, ma'aikata su koma kan ceton rai, jama'a kuma su ji tsoron shiga asibiti kada su ɗauko cuta. Wanda kara ya soke wa ido sai ya ce bari dai a ga gobe.

Ido ba ya jiran gobe. Idon da ya huje ana so a ɗinke shi cikin awa 24. Karcen da ba a kula da shi ba na iya zama gyambo cikin kwana biyu ko uku. Aikin ido mai wuya kuma ba a ko'ina ake yinsa ba. Daga babban asibitin Zurmi, Shinkafi ko Kauran Namoda akan tura mutum Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano. Idan an hana zirga-zirga, mota kan yi wuya, kuɗinta ya hau. Matsalar tsaro a hanyoyinmu ma ta sa ba a son tafiyar yamma. Wannan shi ne dalilin da zai sa a kama hanya da wuri, tun rana tana sama.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata mai karanta alƙaluma ya kiyaye. A lokacin korona asibitocin ido da yawa sun ga raguwar masu zuwa. Wannan bai nuna cewa duk raunin ne ya ragu ba. Masu ƙaramin rauni sun zauna a gida, wasu kuma sun iso bayan abin ya lalace. Rajistar asibiti tana ƙirga wanda ya zo ne kawai.

Mutane kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma kwanakin da aka yi a gida bayan tsautsayin, zaɓi ne, kuma sau da yawa su ne ke raba mai gani da makaho.

7. Taimakon gaggawa

*Idan sinadari ne:* a fara wankewa nan take, kafin a nemi mota. A kwantar da mutum, a karkata kansa ta gefen idon da ya ƙone, a buɗe fatar idon da yatsu, a riƙa zuba ruwa mai tsabta daga buta daga wajen hanci zuwa wajen kunne, na tsawon minti 20 ko fiye. Sannan a tafi asibiti da robar sinadarin a hannu.

*Idan huda ko yanka ne:* kada a cire abin da ya soke, kada a danna, kada a wanke, kada a ɗiga komai. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kife a kan idon, a manne da filasta ta yadda ba zai taɓa ƙwayar ba. A tafi nan take.

*Idan bugu ne:* a zauna da kai a ɗage, kada a sha asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Idan an ga jini a gaban baƙin ido a tafi asibiti. Mai sikila ya gaya wa likita tun farko, domin wannan jini ya fi yi masa illa.

*Idan abu ne ya faɗa:* kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. Kada a sa tsinke, harshe ko bakin zane. In bai fita ba, asibiti.

> Akwatin gargaɗi: a tafi asibiti a ranar idan
> gani ya ragu. Zafi ya ƙi lafawa. Fari ya fito a baƙin ido. Jini ya taru a ciki. Ƙwayar ido ta canja siffa. Ko yaro mai ƙyanda ya ƙi buɗe ido.

Taƙaitawa

Annoba tana mayar da haɗarin ido cikin gida da kan yara. Tana yawaita sinadarai a hannun jama'a. Tana sa a zuba wa ido abin da ke lalata shi. Tana kuma jinkirta zuwa asibiti. Duka huɗun ana iya rage su da kulawar iyali, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Tambayoyin bita

1. Kawo ire-iren raunin ido guda huɗu, da misali ɗaya na kowanne daga garinku.
2. Waɗanne tambayoyi huɗu ake yi don gane salon rauni?
3. Me ya sa rufe makarantu ke ƙara wa yaran karkara haɗarin raunin ido?
4. Me ya sa soda da siminti suka fi wasu sinadarai illa?
5. Cike gurbi: ana ba yaro mai ƙyanda ________ sau biyu, ana kuma yin rigakafinta a wata ____ da wata ____.
6. Gaskiya ko ƙarya: idan masu zuwa asibitin ido suka ragu a lokacin annoba, raunin ido ne ya ragu. Kawo dalili.
7. Maƙwabcinka ya zo da tsinin kara a ido. Faɗi abubuwa uku da ba za ka yi ba, da abu biyu da za ka yi.

Aikin gida

Ka zagaya gidanku yau, ka rubuta abubuwa biyar da za su iya ji wa yaro rauni a ido, ka ɗauke su daga inda hannunsa zai kai. Ka tambayi asibitin da ya fi kusa da ku ko akwai mai duba ido, da ranakun da yake zama. Sannan ka koya wa mutum ɗaya a gidanku yadda ake wanke ido da buta, ka zo aji da bayanin yadda kuka yi.